Littafin Bashi Ya Fi Kalanda: Yadda Ma'adanar Tarihi Ke Zaɓen Takardun Zuri'a

Wata biyu aka ba mu mu kwashe kaya daga tsohon gidanmu na Zangon Agege. Magada sun sayar, mai saye kuma bene yake son dasawa. A cikin wannan kwashe-kwashen ne aka jawo adakar kakanmu daga ƙarƙashin gado. Makullinta ya ɓata tun ina firamare, don haka da guduma aka ɓalle kwaɗon. Warin kafur da na tsohuwar takarda ne ya fara yi mana maraba, sannan kyankyasai biyu suka fito a guje. A ciki akwai gafaka cike da warƙoƙin ajami, da littattafan lissafi huɗu masu baƙin bango, da fasfon hajji, da risit ɗin haraji tuli guda an soke su da ƙusa, da wasiƙu, da hotunan da danshi ya manne su da juna, da kaset uku babu ko ɗigon rubutu a jikinsu. A bangon ɗakin kuwa, cikin gilashi, ga abin da duk gidan ke tinƙaho da shi: kalandar zuri'a da aka buga lokacin wani taron zumunci. Bishiya ce guda mai rassa, sunan marigayi a tsakiya, saiwarta ta nutsa har ƙasar Yaman.

Gwaggo, wadda ita ce babba a 'ya'yansa da suka rage, ta ce a kai wa gwamnati ta ajiye tun gara ba ta ƙarasa aikinta ba. Sai na gayyato wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallaci, wanda ya yi aikin adana takardun tarihi har ya yi ritaya. Ya shigo, ya dubi kalandar, ya ce masha Allah, ya wuce. Ya zauna a tabarma, ya ɗauki ɗaya daga littattafan nan masu baƙin bango, ya kusa awa guda bai ɗago kai ba.

Abin ya sosa wa Gwaggo rai. Ta ce, "Malam, ga salsalarmu nan a bango, kai kuma ka zauna kana shafa littafin bashi?"

Ya ce, "Hajiya, ta bangon nan kowane gida a zuri'arku akwai irinta. Wannan kuwa duk duniya shi kaɗai ne."

Daga wannan amsa na fara fahimtar yadda masu wannan aiki suke tunani, kuma ya yi hannun riga da yadda mu masu kayan muke tunani.

Ma'adana ba ta iya karɓar duk abin da aka kawo mata. Duk takardar da ta shiga rajista ta zama alkawarin da ba shi da ranar ƙarewa: kwali na musamman wanda ba ya cin takarda, gurbi a kanta, ɗaki mai sanyi da na'urar tsotse danshi, ma'aikacin da zai karanta ya rubuta bayaninta don mai nema ya same ta. A Legas, inda takalmin da ka bari a lungu mako biyu cikin damina yake yin funfuna, ga kuma halin da wutar lantarki take ciki, wannan alkawari yana da tsada ƙwarai. Ko Amurka da duk dukiyarta, ma'adanarta ta ƙasa kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na takardun gwamnatin tarayya kawai take riƙewa har abada. Saura ana lalata su in wa'adinsu ya cika. Saboda haka rabin aikin ma'adana tantancewa ne, wato yanke hukuncin abin da zai rayu da abin da za a bar wa gara.

Tambayar farko da ake yi wa kowane kaya ita ce ta hurumi: wannan namu ne ko na wasu? Kowace ma'adana an kafa ta ne don wani yanki ko wata hukuma. Ta ƙasa ta faro a 1954 a ƙarƙashin masanin tarihi Kenneth Dike, aka yi mata doka a 1957, aka sake wata a 1992, kuma manyan rassanta uku ne: Badun, Enugu da Kaduna. Wani abin da yake ba mutane mamaki shi ne, wanda ke neman fayilolin Legas na zamanin Turawa, Badun zai nufa, cikin harabar jami'a, don can aka tara su. Na lardunan Arewa, irin su Kano da Sakkwato da Zariya, suna Kaduna, tare da ɗimbin rubuce-rubucen Larabci da ajami. A Kadunan dai akwai Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Jihar Legas kuma, wadda aka ƙirƙira a 1967, ta kafa tata hukumar adana takardu, LASRAB, da dokar 2007, ofishinta yana Magodo.

To, adakar Bahaushen da ya yi shekara hamsin yana fataucin goro a Agege, wace ƙofa za ta ƙwanƙwasa?

A nan ne muke zama jemage, ba mu ga tsuntsu ba mu ga dabba. Kuma in za a faɗi gaskiya, mu muke fara jefa kanmu a wannan hali. Mutum an haifi ubansa a Agege, an haife shi a Agege, 'ya'yansa Yarbanci ya fi zama a bakinsu, amma in ka tambaye shi ɗan ina ne sai ya ambaci wani gari da bai taɓa kwana bakwai a jere a cikinsa ba. In tsoho ya rasu, sai a ɗaure kayansa a ɗora a tirela a kai "gida", a jefa a wani ɗakin da ba mai shiga, shekara uku ɓera da yoyo su gama da su. Tunanin ci-rani bai bar mu ba, alhali zaman ya daɗe da wuce ci-rani. Turawa sun karɓe Ikko, wato Legas, a 1861, zuwa 1863 Kyaftin John Glover ya riga ya kafa rundunar da ake kira Hausawan Glover, wadda sojan Nijeriya ke ɗauka a matsayin tushensa. Obalende unguwar da aka zaunar da irin waɗannan sojoji ce, sunan ma da Yarbanci yana nufin inda sarki ya koro mu. Goron Gwanja ya riƙa biyowa ta teku zuwa Ikko, hanyar da Alhassan Ɗantata ya yi amfani da ita, kuma da layin dogo ya isa Kano a 1911 sai harkar ta buɗe gaba ɗaya. Agege da ke bakin layin, ga gonakin goro kewaye da ita, ta zama zango. Bayanta ga Idi-Araba, ga Mile 12, ga Alaba Rago, ga mayankar Oko-Oba. Duk wanda zai rubuta tarihin cikin Legas, wato abin da ta ci da wanda ya kawo mata, dole ya bi ta waɗannan unguwanni.

Ƙa'idar masu aikin kuwa a fili take: takarda tana bin inda aka yi harkar da ta haife ta, ba ta bin ƙabilar mai ita. Littafin da aka rubuta a Agege, kan cinikin da aka ƙulla a Agege, tsakanin fatake da manoman goro na ƙasar Yarbawa, takardar Legas ce ko da ajami aka rubuta ta. Ni a ganina nan ya kamata irin waɗannan kaya su zauna, kuma nauyi biyu ne: mu daina kai su inda za su ruɓe, ma'adanar yankin kuma ta tanadi wanda zai iya karanta su. Domin ma'adana tana duba wannan ma kafin ta karɓa. Takardar da babu mai iya karanta ta a gidan, an adana ta ne kawai a suna.

Akwai kuma bambanci tsakanin takardun hukuma da na gida. Na hukuma doka ce ke tura su: ma'aikata ta gama da fayil, in ya cancanta ya wuce ma'adana, kuma dokar 1992 ta ce wanda ya kai shekara 25 jama'a na iya dubawa. Na gida babu mai tilasta ka, sai ka ga dama. Shi ya sa talaka yake bayyana a ma'adana ta gefe kawai, ranar da ya biya haraji, ko ya shiga kotu, ko ya karɓi fansho daga reluwe, ko aka ɗauke shi soja. An fara rajistar haihuwa da mutuwa a Legas tun ƙarni na 19, amma kakanninmu nawa ne suka je suka rubuta ɗa? Ranar suna aka yanka rago, liman ya yi addu'a, shi ke nan. In an rubuta, a bayan bangon wani littafin addini aka rubuta. Don haka ma'adana mai hankali tana duba rumbunta ta ga su wa suka yi yawa, su wa babu su. Gidajen sarauta da manyan lauyoyi da 'yan siyasa ba a rasa takardunsu. Na fatoma mai saukar da fatake, da mahauci da mai gadi ne ake nema ido rufe, kuma wannan giɓi yana ƙara wa adaka irin tamu daraja.

Sai tambayar da ta sa Malam ya share kalanda. Wani masani Ba'amurke, Theodore Schellenberg, ya raba darajar takarda gida biyu a 1956, kuma har yau da wannan ma'auni ake aiki. Akwai darajar shaida, wato takardar ta nuna yadda mai ita ya gudanar da harkarsa. Akwai darajar bayani, wato abin da ta ƙunsa game da wasu mutane da wurare da al'amura. Littafin bashin kakanmu ya haɗa duka biyun. Malam ya nuna min shafi guda. An ja layi da alƙalami, a dama sunan baƙo da garinsu, sai yawan huhun goron da aka ɗaure masa, sai abin da ya biya, sai abin da ya rage, sai la'adar fatoma. Wanda ya cika bashinsa an soke sunansa da jan layi. A gefen wani suna an rubuta cewa ya rasu, ɗansa wane ya biya. A gefen wani kuma an rubuta surukin wane ne, shi ya tsaya masa. Ka ga nasaba ke nan ta shigo ba tare da an yi niyyar rubuta nasaba ba. Marigayi bai rubuta don jikoki su yi alfahari ba, ya rubuta ne don kada kuɗinsa ya salwanta, saboda haka ba shi da dalilin ƙawata komai. Kuma littafin da kansa yana faɗin shekarunsa: uku daga cikin huɗun da fam da sule da kwabo aka yi lissafinsu, ke nan sun girmi Janairun 1973 da naira ta shigo.

Kalanda fa? An buga ta ɗaruruwa, to ba ta da wuyar samu. Ba ta faɗi inda aka samo ko suna ɗaya ba. Daga kakanmu zuwa kakansa, sunayen sun yi daidai da abin da tsofaffi ke faɗa. Daga nan sai ta yi tsalle ɗaya ta dira Gabas. Wannan ba laifin gidanmu kaɗai ba ne. Da wuya ka ga salsalar da aka buga a ƙasar Hausa wadda ba ta ƙare a Makka ko Misira ko Bagadaza ko Yaman ba, kamar babu wanda kakansa ya tsiro a Daura ko Gaya yana noman gero. Malam bai ce a yar da ita ba. Ya ce ma'adana za ta so kwafi ɗaya, domin shaida ce ta yadda zuri'ar ta ɗauki kanta a shekarar da aka buga ta, da wanda aka sa da wanda aka cire. Amma da wanda ya tsara ta ya ajiye littafin da ya riƙa rubutu lokacin da yake zagaya tsofaffi, wa ya faɗa masa me, a wane gari, yaushe, to wannan littafin ya fi kalandar daraja sau goma.

Matsalar suna ma tana shiga lissafi, kuma tamu ta fi ta maƙwabtanmu tsanani. Gidan Bayarabe a Legas yana iya riƙe suna ɗaya shekara ɗari da hamsin, ka bi shi daga rajistar coci zuwa ta makaranta zuwa takardar fili. Mu kuwa sunan uba ne ke bin na ɗa, kowane zamani ya canza. In mutum ya shiga soja ko reluwe sai akawu ya liƙa masa sunan gari, ya zama Audu Kano, alhali akwai Audu Kano arba'in a bataliyar. A unguwa kuma ba wanda ya san shi da Audu, Ɗanjuma ake ce masa saboda ranar haihuwa, ko Mai Goro saboda sana'a, matarsa kuma har ta mutu ba za ta furta sunan ba. Don haka duk takardar da ta haɗa sunan yanka da laƙabi da sunan uba da gari wuri ɗaya, kamar fasfon hajji ko littafin sallama daga soja ko takardar rabon gado, mabuɗi ce. Da ita ake buɗe sauran. Ma'adana tana ɗaga darajar irin wannan ko da ta yage.

Mata kuwa, a kalandarmu 'ya'ya mata ganye ne, ba reshe ba, daga kansu zanen ya tsaya. Matan aure babu su sam. A nan ne kaset ɗin nan uku suka ba mu kunya. Mun ɗauka wa'azi ne ko waƙa. Da aka samo rediyo mai cin kaset aka saka na farko, sai muryar wata tsohuwa ta fito, yayar marigayi ce daga Arewa. Waɗanda suka girma kafin wayar hannu sun san saƙon kaset: a zauna gaban rediyo a yi magana, a ba direban mota ko fasinjan jirgin ƙasa ya kawo Kurmi. Kusan rabin kaset ɗin gaisuwa ce. A gaishe da wance 'yar wane, a gaishe da wance da ke aure a gidan wane, a ce wa wane ƙanwar uwarsa ta rasu bayan Sallah, wance ta haihu an sa wa yaron sunan baffansa. Malam ya ce a tsayar, ya ɗauko takarda, aka mayar baya. Cikin gaisuwar nan kaɗai ya fitar da sunayen mata fiye da duk waɗanda ke jikin kalanda, kowace da mahaifinta da gidan aurenta.

Ma'adanu sun daɗe da gane cewa a ƙasashenmu nasaba a baki take, wajen tsofaffin mata da maroƙa da masu kirari. Amma kaset yana da nasa sharaɗin kafin a karɓa: a san mai magana, a san lokacin, a kuma iya juyar da shi zuwa kwamfuta tun zaren bai narke ba. A gefe guda, akwai ƙungiyar FamilySearch ta cocin Mormon da ke jihar Utah a Amurka, wadda ta yi shekaru tana tura mutane ƙauyukan Afirka, har da Nijeriya da Ghana, suna naɗar salsala daga bakin dattawa. Aikinsu yana da tsari, kuma sun ceci sunaye masu yawa. Sai dai tushensa aƙida ce, domin a addininsu ana yi wa matattu baftisma a madadinsu. Duk wanda zai ba su sunayen kakanninsa ya kamata ya san haka tukuna, sannan ya yanke wa kansa hukunci.

Ina cikin ɗaga hotuna ina ware masu kyau gefe guda, Malam ya riƙe min hannu. Ya ce kada in raba, kada in sake jeri. Wata ƙa'ida ce da Faransawa suka kafa tun 1841: kayan mutum ɗaya ko gida ɗaya a bar su tare, kada a gauraya da na wani. Daga baya kuma aka ƙara da cewa a bar su yadda mai su ya jera. Wasiƙar da aka samu a tsakiyar shafin bashin wane, akwai dalilin da ya sa take nan. In ka zare ta ka haɗa da sauran wasiƙu, ka yanke igiyar. Wannan ƙa'ida ce ma ta warware mana wata gardama, don wani ƙanena ya kawo shawarar a kai warƙoƙin ajami Kaduna inda masu karanta su suke, littattafan ciniki kuma a bar su Legas. Malam ya ce adaka ɗaya ce, mutum ɗaya ne, malamin da ya kwafi warƙoƙin shi ne fatoman da ya rubuta bashin. A ajiye su wuri ɗaya, a aika wa ɗaya wurin hotonsu.

Daga nan sai maganar da ta fi kowace wuya a gidan Bahaushe: wa ke da ikon bayarwa? Ma'adana ba ta karɓar kaya sai da takardar yarjejeniya, ko dai kyauta ce ta har abada, ko ajiya ce ta amana wadda masu ita za su iya janyewa. Yawancinsu sun fi son kyauta, don ba wanda ke son ya kashe kuɗi ya gyara kaya ya yi musu rajista, bayan shekara biyar wani jika ya zo da lauya. To amma adakar mamaci gado ce. Ranar rabo an ƙiyasta gida da gona da tufafi, ba wanda ya tuna da takardu, saboda haka har yanzu ta kowa ce. In Gwaggo ta sa hannu ita kaɗai, gobe wani baffa yana iya cewa an ba gwamnati sirrin gidansu ba da saninsa ba. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai tambaya, magada nawa ne, duk sun yarda? In amsar ta yi rawa, zai ce a je a daidaita a dawo, ko da kayan sun burge shi.

Kuma sirrin akwai shi. Littafin bashi yana ɗauke da sunayen waɗanda suka ci kuɗi suka gudu, jikokinsu kuma suna nan a unguwa, wasu ma manyan alhazai ne. Wasiƙu suna ɗauke da saki da rikicin kishiyoyi da ɗan da aka yi gardamar ubansa. Sannan ga babbar magana, ta asali. Da yawa daga Hausawan farko na Ikko, har da na rundunar Glover, bayi ne da suka tsere ko aka 'yanta, kuma bauta ba ta haramta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Takardar fansa ɗaya tana iya rusa auren da ake shirin ɗaurawa bana, don har yanzu muna bincike kafin mu ba da 'ya. Masanin tarihi yana ganin irin wannan takarda kamar zinariya, mai gida yana ganin ta kamar garwashi. Abin da ma'adana ke yi shi ne ta karɓa da sharaɗi: wannan kwali a rufe shi shekara kaza, ko sai da izinin zuri'a, ko mai bincike ya karanta amma kada ya ambaci suna. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ƙara ɗaure wannan game da waɗanda ke raye. Amma in iyali suka ce a rufe har abada, ma'adana takan ce to ku riƙe abinku, domin ba ta da gurbin abin da ba mai gani. Ni dai na fi son a rufe shekara hamsin da a cinna wa takarda ashana, wanda shi ne abin da gidaje da yawa suke yi a ɓoye daren da aka buɗe adaka.

Takardun fili da na gida, muddin ana iya shiga kotu da su, Malam ya ce a riƙe na asali a hannu, a ba da hoto. Wanda ya san Legas da rikicin fili ya san dalili. Su ma ma'adanun suna taka-tsantsan da duk salsalar da aka kawo musu ana tsakiyar rigimar sarauta ko ta gado, don wasu so suke a buga wa takardarsu hatimin hukuma su kai gaban alƙali. Ana duba irin takardar da tawadar da salon rubutun. Takardar da ta ce an rubuta ta a 1930 amma da biro, ta tona kanta, don biro bai shiga kasuwa ba sai wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu.

Lafiyar kayan ita ma ana dubawa, amma ba ta kai sauran nauyi ba. Mai funfuna ko ƙwari ana killace shi kada ya harbi na kusa da shi. Ƙusa da fil da roba ana cire su. Abin da ya fi ɓata wa Malam rai shi ne takardar haihuwar babana da wani mai son gyara ya kai aka yi mata lamineshan. Zafi da gam sun riga sun shiga jikinta, ba ta ɓaruwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Risit ɗin haraji kuwa ya ce ba sai duka ba, a ɗauki na farko da na ƙarshe da 'yan kaɗan a tsakani, sun isa su nuna shekarun da mutumin ya yi a unguwar. Hotunan da ba wanda ya san ko su waye a ciki, darajarsu kaɗan ce, sai in Gwaggo ta zauna ta faɗa an rubuta da fensir a baya.

Gwaggo ta yi tambayar da ke bakin kowa. Ta ce, "To Malam, in mun ba su, su ma wuta ta ci fa?" Ba tambayar banza ba ce. A Oktoban 2020 an ƙona Babbar Kotun Legas da ke Igbosere, fayiloli masu yawa suka tafi. Malam bai yi mata alkawarin komai ba. Ya ce shi ya sa ba a yarda da kwafi ɗaya. A ɗauki hoton kowane shafi da kyau, a ba kowane reshe na zuri'a, a ajiye wani a intanet. Akwai ma shirin Laburaren Birtaniya na ceton takardun da ke cikin haɗari, wanda aka fara a 2004, da yake ba da tallafi a ɗauki hoton irin waɗannan kaya a bar na asali a ƙasarsu, kuma an yi ayyukansa a Arewacin Nijeriya. Amma ya gargaɗe ni kada in ɗauka hoton waya ya gama magana. Waya tana faɗawa kwata, rukunin WhatsApp yana watsewa ranar da aka yi faɗa, takardar da ta yi shekara saba'in a adaka kuwa ta riga ta nuna juriyarta.

Yanzu dai adakar tana kan durowa a ɗakina, nesa da ƙasa, nesa da bango. Mun ɗauki hoton littattafan huɗu shafi-shafi. Magada bakwai sun yarda a bayar, da sharaɗin a rufe wasiƙu. Saura baffanmu na Kano, wanda ya ce sai ya zo ya gani da idonsa bayan Babbar Sallah. Kaset ɗin na kai Computer Village a Ikeja aka juye min su a waya. Daren da na kunna wa Gwaggo na biyun, ta saurara har ƙarshe ba ta ce uffan ba, sannan ta sa aka sauko da kalandar daga bango aka cire gilashin. Ta bi wani reshe da yatsa, ta tsaya a inda babu komai.

Ta ce, "Kai ɗan nan, miƙo min abin rubutu. Nan akwai Inna ta Gusau, ita ta goyi ubanka."

Na miƙa mata biro. Sai na tuna da Malam, na karɓe, na ba ta fensir.